Ido a Kan Giginya

Shekara uku ban yi hira da Arzika ba.
Katanga ɗaya ta raba mu a Wurno,
kunya ɗaya ta raba mu a fadama,
sauran kuma kankana ta raba.

Duk rani, da ta fara nuna,
sai in iske an fafe mini goma, sha biyu,
ɓawo a watse awa an tashi walima.
Na ce, wa zai san nunanna cikin duhu
in ba wanda ya ga ranar da na shuka ba?
Ban kama suna ba.
Na dai rage wa sallamarsa amsa,
shi kuwa ba yaro ba ne.

Da can a bukka nike kwana,
da gwangwani, da majajjawa, da tari.
Gwiwa ta ƙi. Dare ma ya daina zama na manomi.

Sai ɗiyata Ige ta dawo daga birni da kwali.
Ta sa yaro ya hau giginyar tsakar gona,
ya ɗaure kyamara, da faranti mai shan rana,
da wani farin faifai mai kallon gari.
Ɗan'uwansa ta kafa bisa soronmu, kan gora.
Ta ce, Baba, dole su biyun ga su ga juna,
ko da tafiyar hantsi ce tsakani a kan jaki.
Reshe ɗaya ya gitta, magana ta yanke.
Na ce, ashe halin mutane gare su.

Daren farko, ganye.
Na biyu, jemage da ganye.
Na ce an ci kuɗin albasata.

Daren biyar waya ta yi tsuwa ƙarƙashin matashi.
Ga gonata a tafin hannu, ba launi,
toka da fari, awa an tuna ta ne.
Ga idanu biyu suna ci kamar garwashi.
Dila ce, da 'ya'ya biyu a baya.
Tana bi tana dungura da hanci
kamar dillalin kasuwar Acida,
ta tsallake ɗanya, ta tsallake ɗanya,
ta tsaya ga wadda na yi wa alama da kara.
Da suka ƙoshi, beguwa ta zo kala.

Na zauna bakin gado har assalatu.

Da hantsi na ɗauki waya,
na ɗauki babbar da ta tsira,
na yi sallama a zauren da ƙafata ta manta.
Ya kalla. Ya sake kallo.
Ina jiran maganar da na cancanta,
sai ya ce, Mai da shi baya,
ƙaramin can ɗingishi yake.
Ya aika a kawo wuƙa da tire.

Yanzu bayan lisha tabarma ɗaya muke.
Mun ga tunku, mun ga yanyawa mai kunnen faifai,
mun ga gada, ita da babana ya ce
ta bar ƙasar ga tun ina goye.
Ige na rubuta rana da sa'a a littafi.
Masu cewa in zuba guba sun gaji.
Kunya biyu ta gabas na bar wa mai 'ya'ya,
sauran mun kewaye da ƙaya.
Ba ta san yarjejeniya ba, tana ƙetarewa.

Abin da faifai bai kawowa
shi ne ƙamshin laka bayan ban-ruwa,
da kwaɗin Rima, da sanyin da ke shiga ƙashi.
Wannan sai na je da kaina.

Shekaranjiya iska ta karkata na kan soro,
gona ta ɓace daga hannuna.
Yaro bai nan, Ige na birni.
Na hau da gwiwar da ta ƙi,
ina juya shi kaɗan kaɗan wajen giginyar da ban gani.
Daga ƙasa Arzika na riƙe da tsani,
waya a ɗaya hannun, yana cewa,
Dama. Dama kaɗan. Ka wuce.
Dawo.